Kunnen Hagu na Hadassah Bulus

A duk faɗin Kudenda, in janareto ya fara tari, sunan Baba Bulus ake kira, amma kunnen 'yarsa Hadassah ne ke yin aikin. Wannan magana ta daɗe a rufe tsakanin su biyu, ko maƙwabcinsu na jikin katanga bai sani ba.

Baba Bulus tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a wajen Zonkwa ya shiga ɗakin injinan da ke juya masaƙar, ya kuma zauna a ciki har ranar da aka sa wa ƙofar kamfanin kwaɗo. Abin da ya fito da shi akwatin sifanu ne da kunnuwa biyu da suka gama aiki. Ba kurma ba ne gaba ɗaya, in ka matso ka ɗaga murya zai ji ka, sai dai ƙaramin sauti ya yi sallama da shi tuni. Kuma ko kusa ba ya yarda. In ya ce "Iye?" har sau uku ka gaji ka yi masa tsawa, sai ya harare ka ya ce, "'Yan zamani ba kwa buɗe baki, sai ka ce kuna tauna rogo." Shi kuwa in yana gaisuwa a ƙofar coci, na bakin titi ma sai sun amsa.

To, gyaran janareto aikin kunne ne kafin ya zama na hannu. Bakanike yakan ɗora tsinin doguwar sukudireba a jikin inji yana aiki, ya manna ƙotar a kunnensa, ya saurari abin da ke gudana a ciki: ko boris ne ya fara ci, ko nozul ne ya toshe, ko fistin ne ke buga bango. Baba Bulus ya san maganin kowace cuta, jin ta ne ya gagare shi. Ya gwada babban ɗansa Jethro, sai yaro ya saurara ya saurara ya ɗago ya ce, "Baba, ni dai ƙara nake ji." Bai daɗe ba ya kama tuƙin keke napep a Sabon Tasha, kowa ya huta.

Hadassah kuwa abinci ta kawo wata rana bayan an tashi makaranta, shekarar da mahaifiyarsu Talatu ta rasu. Ta tarar da uban ya yi tagumi gaban wani inji. Don wasa ta ɗauki sukudirebar ta kanga a kunnenta na hagu, ta ce, "Baba, akwai wani abu a nan ƙasa yana cewa cak, cak, kamar ana yanka kuɓewa." Ya sa ta maimaita da ƙarfi. Ya kwance wurin da ta nuna, sai ga boris ya ragargaje. Ranar bai ci abincin ba sai da ya huce, yana ta kallon yarinyar.

Daga nan suka tsara yadda za su riƙa yi, abin dariya abin tausayi. In sun je gidan mai janareto, Baba Bulus ne zai fara ɗora sukudireba a kunne, ya rufe ido, ya haɗe gira, yana gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi. Sai ya miƙa mata ya ce, "Ke ma ji, ki koya." Ita kuwa in ta ji, sai ta taɓa hancinta in nozul ne, ta shafa gwiwa in boris ne, ta ja ɗankwali in iska ce ta shiga man. Sai ka ji tsoho ya daka tsawa, "Oga, nozul ɗinka ne!" Mai gida ya riƙe baki yana cewa tsohon hannu daban ne. Hadassah ba ta taɓa jin haushin haka ba. Daɗi ma take ji, don in sun kama hanyar gida yakan saya mata tsire, ya dafa kanta ya ce, "Uwata, ke ce kunnena." Tana son uban nan nata, so na gaske, kuma kowa ya san haka.

Jirgin ruwa ya shigo rayuwarta ne ta hannun Kawu Nicholas, ƙanin marigayiya uwarta. Shi a cikin teku yake aiki, a ɗakin injin manyan jiragen dakon kaya, sai ya yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarsa ba, sannan ya faɗo Kaduna da Kirsimeti da jaka cike da sabulu mai ƙamshi. Wata shekara ya iske ta ta kwance kan wani inji ita kaɗai, ya ja kujera ya zauna yana kallon hannunta har ta ɗaure. Sai ya ce, "'Yata, kin taɓa ganin injin da ake hawa bene kafin a kai kansa?" Ta yi dariya ta ce Kawu ya fara zuƙi. Ya nuna mata hoto a waya, dariya ta ɗauke.

Ya bayyana mata yadda ake shiga. Akwai makaranta a Legas da ke horar da sababbin ma'aikatan ɗakin inji. Ana koya musu kashe gobara, da taimakon gaggawa, da yadda mutum zai tsira in jirgi ya nutse, sannan likita ya duba lafiyarsu. Wanda ya haye sai ya fara daga ƙasa, yana goge inji yana share malalar mai, daga nan ya zama mai shayar da injin mai, in yana da kai ya yi ta hawa. Ya ce ta bari ta gama sakandare, ta ƙara gogewa, shi kuma zai nema mata gurbi in lokaci ya yi. Da yamma aka gan shi da Baba Bulus a baranda su biyu, sun daɗe suna magana. Hadassah ba ta matsa kusa ba, don zancen manya ne, kuma ta san Kawu ba zai tsallake uba ya yanke wa 'ya shawara ba. A wajensu, duk abin da dangin uwa za su yi wa yaro, ta hannun ubansa yake bi, balle uwar ba ta raye.

Tun daga ranar yarinyar nan ba ta da wani buri sai teku. Ita da ko Kogin Kaduna sai dai ta leƙa shi ta tagar bas a kan gada! Ta yi sallama da wani malamin firamare da ke zuwa zance, ta ce masa tana da tafiya a gabanta. Ta riƙa zuwa wurin wanka na wani otal ranar Asabar tana shan ruwa tana tari har ta iya iyo.

A cikin shekarun jiran ne Baba Bulus ya samu kwantiragin da bai taɓa samun irinta ba: kula da manyan janaretocin wani kamfanin leda a nan Kudenda. Injina ne guda uku a wani ɗakin bulo mai rufin kwano, babu taga, kuma da yake wuta ba ta zama, kusan kullum suna kunne. Ƙarar ɗakin nan ba a kunne kaɗai ake jin ta ba, har a haƙori. Baba Bulus yakan tsaya bakin ƙofa yana hira da manaja, Hadassah ce ke ciki tun safe, daga wannan inji zuwa wancan, ƙotar sukudireba manne a kunnen hagu. Wata rana kanta ya yi ta sara, ta samo auduga ta cusa a kunnuwanta. Yana gani ya taso, ya sa yatsa ya zare ta ya yar.

"Bakanike na gaske ba ya toshe kunne!" in ji shi. "Da me za ki ji injin, da ƙafa?"

Ta ce, "To, Baba." Ba ta sake ba. Ai uba ne ya faɗa, kuma shi ya san aikin.

Sannu a hankali wani gyare ya tare a kunnenta na hagu, yana kuka ba dare ba rana. Ta koma amsa waya da kunnen dama ba tare da ta lura ba. A ƙungiyar mawaƙan coci, inda take jan murya ta biyu tun tana yarinya, shugabar mawaƙa ta fara juyowa tana kallon ta, daga baya ta mayar da ita layin baya. Da ta gaya wa uban zancen gyaren, sai ya ce, "Gajiya ce. Kowane bakanike yana da nasa. Ki ɗiga man zaitun."

Da kiran Kawu ya zo cewa gurbi ya samu, ran Lahadi aka fito da ita gaban coci aka ɗora mata hannu. Matan zumunta suka yi ta guɗa. Baba Bulus ya karɓi makirfo, ko da yake ba ya bukatar ta, ya ce Ubangiji ya ɗaga gidansa, 'yarsa za ta tuƙa jirgi a kan teku. Har da ɗan taka rawa ya yi. Hadassah ta yi kuka a gaban jama'a don tausayin barin sa, ta kuma sa Jethro ya yi mata alkawarin zai riƙa leƙa tsohon.

Kai, makonnin nan na farko a Legas, ba ta taɓa jin daɗin duniya irin nasu ba. Mata biyu ne kacal a ajin, sauran duk maza, yawancinsu 'yan bakin ruwa da suka girma cikin kwalekwale. Da suka ji daga Kaduna take sai suka sa mata suna Madam Sahara. Ta bar su da bakinsu. An sa musu kayan kashe gobara masu nauyi, aka tura su cikin wani ɗakin ƙarfe cike da hayaƙi suna rarrafe suna jan mesa, ta fito tana haki tana dariya. An hau da su wani dandamali mai tsawo aka ce kowa ya rungume rigar ceto, ya toshe hanci, ya faɗa ruwa. Ta ce "Yesu!" ta saki jiki. Ta koyi juya kwalekwalen roba in ya kife, ta koyi danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Kullum da yamma sai ta kira Jethro ta ce ya je ya faɗa wa Baba da ƙarfi abin da ta yi yau.

Sai ranar da aka kai su cikin jirgi na gaske a tashar Apapa. A bakin matakalar da ke sauka ɗakin inji, malaminsu ya tsaya da kwali yana raba wa kowa marfin kunne, irin mai kofuna biyu da ake kifawa a ka. Ya ce, "Duk wanda na gani a ƙasa babu wannan, ya kama hanyar gidansu. Kunne in ya tafi ba ya dawowa." Hadassah ta kifa nata, ta sauka. Ga injin nan kuwa, Kawu bai yi zuƙi ba, sai da ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame. Zafi, ƙamshin baƙin mai, ƙarfe yana rawa a tafin ƙafa. Ta dafa jikinsa ta ji kamar ta iso gida. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: ashe ana iya tsayawa kusa da inji irin wannan kai bai sara ba. Ga manyan injiniyoyi suna ta aikinsu da kunnuwa a rufe, in suna son sauraro sai su ɗan ɗaga gefe ɗaya su ji, su mayar.

Gwajin lafiya ne ya rage. Ido lafiya, jini lafiya, ƙirji lafiya. Sai aka shigar da ita wani ɗan akurki mai kama da kabad, aka sa mata abin ji, aka ba ta maɓalli, aka ce duk lokacin da ta ji ƙara komai ƙanƙantarta ta danna. Da aka fara da dama, ta danna, ta danna, ko da yake wasu sun wuce ta. Da aka koma hagu sai ta zauna tana jira a fara. Tana ta jira, gyarenta kaɗai ke kuka. Ta cikin gilashi ta ga ma'aikaciyar ta ɗago tana kallon ta.

Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta sa aka sake gwajin bayan kwana biyu, bai canja ba. Ta tambaye ta irin aikin da take yi, Hadassah ta faɗa mata duka, har da sukudirebar. Likita ta ce kunnen hagu ya lalace lalacewar da ba ta da magani, na dama ma ya fara bin sahu. Ta ce a ɗakin inji ran mutane yana rataye ne ga jin ƙararrawar gargaɗi, don haka ba za ta iya sa hannu a ba ta izinin aiki a teku ba. Ta ƙara da cewa da an riƙa rufe kunnen a 'yan shekarun nan, da ba a kai ga haka ba.

Kawu Nicholas yana jiran ta a waje, a gindin wata bishiya. Da ta gaya masa, sai ya cire hula ya riƙe.

"Ban gane ba," in ji shi. "Ina marfin da na bar miki?"

"Wane marfi, Kawu?"

"Marfin kunne mana! Irin na jirgi, sabo a kwalinsa. Kirsimetin nan da na fara yi miki zancen makaranta, na damƙa wa babanki a baranda. Na ce masa kada ki ƙara shiga ɗakin janareto babu shi, don kunne ne abin da ya fi kayar da masu irin aikinku a gwaji. Na faɗa na maimaita, da ƙarfi, har ya ce in daina yi masa ihu ya ji. Duk zuwan da na yi bayan nan sai na tambaye shi, ya ce kina sawa."

Hadassah ta nemi wuri ta zauna a kan dakalin kwata. Ba ta yi kuka ba. Yatsan nan kawai take gani yana zare auduga daga kunnenta. Kawu yana ta cewa laifinsa ne, da ya sani da ya ba ta a hannu, amma ya ga bai dace ya tsallake surukinsa ba. Da safe ta ce ya kai ta tasha.

Washegari da hantsi mota ta sauke ta a Kaduna. Ba ta biya ko'ina ba, ta hau keke zuwa Kudenda da jakarta. Ta same shi a rumfar ƙofar gida, zaune a kan benci, ga wani ƙaramin janareto a gabansa yana aiki, ya kanga sukudireba a kunne, shi kaɗai, ba mai kallo. Ta miƙa hannu ta kashe injin. Ya ɗago, fuskarsa ta washe, sannan ya ga jakar.

"Uwata, lafiya? Har an gama?"

Abin takaicin shi ne, maganar da ya kamata a yi a ɗaki cikin sirri, dole sai da ta yi ta da ihu a bakin titi, don in ba haka ba ba zai ji ba. Mai shagon gefe ya leƙo, mai tuyar ƙosai ta tsaya da matsami a hannu.

"Baba! Sun kore ni! Kunnena ya mutu!"

Bai ce "Iye?" ba. Ya ji sarai.

"Ina abin da Kawu ya ba ka ka ba ni?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli titi. Ya ce yana nan cikin akwatin uwarta, bai taɓa ko buɗe kwalin ba.

"Ya gaya maka za su gwada kunne?"

"Ya gaya mini."

"Kuma ka san abin da ƙara ke yi wa mutum?"

"Wa ya fi ni sani?" Muryarsa ta tashi kamar kullum, har tana fashewa. "In kin rufe kunne wa zai ji mini injin? Ranar da manaja ya gane ba na ji, ranar zai kore mu. Na ce bari a gama wannan shekarar in ba ki. Shekara ta ƙare na ce bari a ƙara ɗaya. Ni na yi shekaru a masaƙa kafin nawa ya tafi, na ɗauka naki zai kai ki."

"Ka ɗauka zai kai ni," in ji ta. "Ka tsaya gaban coci ka yi rawa, Baba. Ka bar ni na je Legas na faɗa ruwa, na shiga wuta, alhali ka san abin da ka yi. Ni da na rufa maka asiri tun ina yarinya, ko Jethro ban gaya wa ba. Da ka ce mini in zauna kada in tafi, wallahi da na zauna. Sai ka zaɓi ka cinye kunnen, ka bar mini hannu."

Ta ji zuciyarta ta yi baƙi ƙirin da mutumin nan, irin baƙin da ba ta san tana da shi ba. Ta zauna a ƙarshen bencin, ta juya fuska tana kallon titi. Ba da niyya ba, gefen hagunta ne ya faɗo wajensa.

Sun daɗe a haka. Can ta wutsiyar ido ta ga leɓunansa suna motsi. Tsohon da bai taɓa iya yin magana a hankali ba, yau ya sassauta murya don kada maƙwabta su ji, yana ta faɗa mata wani abu, doguwar magana. Ko haƙuri yake ba ta, ko kare kansa yake yi, ko sunan uwarta yake kira, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da ta ɗan juya kanta kaɗan da ta ji. Ba ta juya ba.

Da ya gama ya yi shiru yana jiran amsa, sai ta miƙe ta ɗauki jakarta ta tsayar da keke, ta ce a kai ta Sabon Tasha wajen Jethro. A can take har yanzu, tana gyaran injinan niƙa da famfunan ruwa a bayan kasuwa, tana aika wa tsohon abinci ta hannun yayanta. Sukan haɗu a coci, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa. Har yau ba ta san abin da ya ce ba.